Dokin mai baki ya fi gudu: mai wasa ake nufi ko mai suka?

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo yau ita ce "Dokin mai baki ya fi gudu." Tun ina yaro nake jin ta, amma sai makon jiya ta tsaya mini a rai, ina so manya su warware mini.

Mu 12 ne a nan Agege muka yi wata uku muna gwajin wasan kwaikwayo bayan isha'i. Labarin ɗan acaɓa ne da aka ƙwace wa babur bayan dokar da gwamnatin Legas ta kafa ranar 1 ga Yuni 2022, wadda ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Surulere da Apapa. Yaron da ya fito a ɗan acaɓan, nasa babur ɗin aka ƙwace da gaske, bai ma gama biyan bashinsa ba. Zauren wata makaranta muka ara, benci ya zama babur, zannuwan gado biyu muka rataya a igiya suka zama labule. Kuɗin ƙofa naira 500.

Kafin a fara, daraktanmu ya hau ya yi jawabi mai tsawo, ya ce wannan ba dirama ba ce irin ta ban dariya, fasaha ce mai zurfi, wanda bai gane ba ya koma gida ya yi tunani. Bayan kwana biyu wani mai kiran kansa manazarci ya yi dogon rubutu da Turanci a Facebook, ya ce ba haske, ba tsari, 'yan wasa ba su san tsayuwar dandali ba. Da idona na ga shigowarsa, an riga an ci rabin wasan, kuma bai tsaya an gama ba. Yanzu rubutunsa ya fi wasanmu yawo. To a tsakanin mutum biyun nan, wane ne mai bakin?

Baba Mai Goro:
Wa alaikumus salam ɗana. Su biyun duka. Maganar nan daga zaure ta fito, inda ake zama bayan an sauko daga hawa ana hirar dawaki. Kowa na da doki, amma ba kowa ya iya labari ba. Wanda ya iya, sai ya kwatanta maka yadda nasa ya tashi, yadda ƙura ta turnuƙe, har ka ji kamar kana bisa sirdin. Wanda bai iya ba ya yi shiru, alhali watakila nasa ne ya zo gaba. Ka lura, karin maganar ba ta ce dokin ya ci sukuwa ba. A baki ya fi gudu. Daraktanku ya sukwani dokinsa tun ba a ɗaura masa sirdi ba, shi kuma mai sharhin ya ba da labarin sukuwar da bai gani ba.

Haifaffen Ikko:
Baba a gafarce ni, ni a Idi-Araba aka haife ni, Hausata ta littafi ba ta da ƙarfi. Ni duk zatona "mai baƙi" ne, wato wanda ya tara baƙi, manyan mutane, shi ake cewa dokinsa ya fi. Don a wasannin da nake zuwa kallo haka nake gani, wanda ya samu manya suka zauna a sahun gaba shi ake ɗaukar hotonsa.

Baba Mai Goro:
A'a jikana, baki ne na magana, ba baƙi ba. Laifin wayoyin nan ne da ba sa sa wa harafi lanƙwasa. Amma abin da idonka ya gani gaskiya ne, ka riƙe shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba, da girmanka, ni ban ɗauki maganar nan a matsayin zargi kaɗai ba. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ta faɗa mana ita, nufinta mu buɗe baki. Takan ce wanda ya yi shiru da kayansa a kasuwa, da su zai koma gida. Shekarata 19 ina sayar da atamfa a Balogun, na san haka ne. A garin nan masu wasa a Terra Kulture da MUSON da Freedom Park suna da masu yi musu talla, da masu ɗaukar hoto, da 'yan jarida. Yaranmu na Agege wa gare su? In daraktan bai yabi abinsa ba, wa zai yaba masa? Inda ya yi kuskure a wurina guda ne, da ya ce wanda bai gane ba ya je ya yi tunani. Ba a tallan haja da raina mai saye. Matar da ta cire 500 daga cinikin kokonta ta zo ta zauna, ba ta cancanci wannan maganar ba.

Malamin Firamare:
Hajiya ta taɓo wajen, amma ina so in ja hankalin Ɗan Zango kada zafin rai ya sa ku watsar da sharhi gaba ɗaya. Hausawa suka ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na karanta rubutun mutumin. Rabinsa kalmomin jami'a ne da ya jero don a san ya yi karatu, ya ambaci sunayen Turawa har biyar waɗanda ba ruwansu da ɗan acaɓan Agege. Amma a ciki akwai magana guda ta gaskiya, cewa 'yan wasa suna juya wa 'yan kallo baya suna magana. Ina sahu na shida, kuma wallahi rabin maganar uwar yaron ban ji ba.

Kuma suka ba baƙuwa ba ce a wasanninmu. Wasan gauta, matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, yadda yake tafiya, yadda yake yanke hukunci, yana zaune yana kallo ya ga aibinsa. Kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa nasu sarki da alƙali su kwaikwayi mulkin gari. Tashe daga goma ga azumi, yara su bi gida gida suna fito da halin malami mai kwaɗayi da miji marar adalci. Malam Aminu Kano ma da wasan kwaikwayo ya fara sukar zaluncin masu sarauta tun yana malamin makaranta. Wanda sana'arsa ita ce nuna wa mutane aibinsu, bai kamata ya ƙi a nuna masa nasa ba.

Ɗan Zango:
Malam na yarda da batun juya baya, mun ma yi maganar a tsakaninmu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da Turanci ya rubuta, ga mutanen da ba su zo ba kuma ba za su zo ba. In gyara yake nufi, ai muna wajen muna kwance labule, da ya tsaya ya faɗa mana.

Malamin Firamare:
Wannan kuma haka ne. Mai cewa gyara kayanka, kusa da mai kayan yake zuwa ya faɗa masa a hankali tun kayan ba su zube ba. Wanda ya bari sai da ka wuce sannan ya tara mutane yana ba su labarin yadda ɗaurinka ya karkace, ba gyara ya yi ba.

Mai Gwari Mile 12:
Ni ban yi boko mai nisa ba, tumatir da tattasai nake saukewa, amma ina wajen daga farko har ƙarshe, bari in faɗi abin da na gani tunda mai sharhin bai gani ba. Ana cikin wajen da yaron ya dawo ɗaki ba babur, janareta ya mutu. Duhu ƙirin. Na ɗauka shi ke nan an watse. Sai wani a baya ya kunna tocilan wayarsa, wani ma ya kunna, kafin ka ce me zauren duka ya haska dandalin da waya. Yaron bai tsaya ba. Ya zauna a ƙasa, ya ciro makullin babur daga aljihu, yana juya shi a hannu, ya kira uwarsa a waya yana ce mata lafiya lau, aiki na tafiya, kuɗin wata zai ɗan yi jinkiri ne kawai. Muryarsa na rawa. Wani dattijo ɗan Gwoza da ke kusa da ni ya sa hula ya rufe fuska. Ni kaina ƙanena biyu aka ƙwace wa babur, ɗaya ya koma gida, ɗaya yana dako a wajena. Ba wanda ya yi tari a zauren nan har yaron ya ajiye wayar.

Amma in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Wajen da aka shafa wa mutum huɗu farin alli a fuska suka tsaya ƙyam ba magana kusan minti 10, ba wanda ya gane. Mata suka fara tattara yara, sun ɗauka an tashi.

Mai Shirya Wasa:
Salamu alaikum. Ni ne daraktan da ake magana, ina cikin zauren hirar nan tun bara, na karanta komai. Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma ina neman afuwar duk wanda jawabina ya ɓata wa rai. Bari in faɗi dalili, ba don in wanke kaina ba. Sau uku ina kai takardar neman a ba mu dandali a tsallaken gada, wato ɓangaren tsibirin Legas, sau uku ana tambayata ko rawar gargajiya za mu yi. Da zarar an ji Hausa, abin da ake jira ke nan, kalangu da rawani. Shi ya sa na ɗora wa kaina sai na nuna mu ma mun san abin da ake koyarwa a jami'a. Masu farin allin nan, nufina su ne baburan da aka murƙushe, suna tsaye suna kallon masu su. A raina abin yana da ma'ana har yanzu.

Hajiya Mai Atamfa:
Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka fito ka yi magana. Amma ka ga abin da ya faru? Ka shirya wasa don mutanen Agege, sannan ka sa wani yanki don mutanen tsallaken gada waɗanda ba su zo ba. Kai da mai sukar taka, ashe mutane ɗaya kuke wa magana.

Mai Shirya Wasa:
Hajiya ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sai dai ina tambaya, shin dole ne komai sai an gane shi nan take? Waƙoƙin makaɗan fada ma akwai baitin da sai an shekara ake gane inda ya dosa.

Baba Mai Goro:
Ɗana, tambayarka tana da kyau. Amma makaɗin fada, ko ba ka gane habaicin ba, kiɗan ya riƙe ka, ba ka tashi. Zurfi daban, duhu daban.

Na zo Ikko 1975, ana ginin babban gidan wasan Iganmu, wanda aka yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a cikinsa a 1977, wanda a 2024 aka sa wa sunan Wole Soyinka. Babban zaurensa a lokacin yana cin mutum 5,000. Na ga shekarun da ginin nan ya yi yana zubar ruwa ba kowa, gini bai yi wasa da kansa ba. A lokacin nan kuwa Hubert Ogunde, wanda ɗan sanda ne kafin ya kafa ƙungiyarsa a 1945, a mota yake loda mutanensa da ganguna gari gari, zauren makaranta, zauren gari, duk inda aka samu. Da Yarbanci yake wasa, 'yan kasuwa ke cika masa wuri. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa saboda wasa guda, sai 1966 aka ɗage. Gwamnati ba ta hana abin da mutane ba su gane ba.

Mu kuma namu, marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, tsohon soja ne, ya rasu 2023. Hausar bariki yake yi, a karkace, amma in lokacin shirinsa ya yi a gidan da ke da talabijin a unguwarmu, har taga ake leƙe. Ban taɓa jin ya hau ya ce wa mutane abin da zai yi mai zurfi ne ba.

Haifaffen Ikko:
To Baba, in na fahimta, a wasan su Ɗan Zango dokin shi ne yaron da makullinsa?

Baba Mai Goro:
Ni ban je ba jikana, ƙafa ta hana. In na ce eh, na zama mai baki na uku. Mai Gwari ya gani, shi za ka tambaya.

Malamin Firamare:
Akwai abin da ban yarda da shi ba a maganar Hajiya ta farko, na bari sai yanzu. In muka koya wa yara cewa karin maganar nan umarni ce a buɗe baki, za mu tara masu jawabi mu rasa masu gwaji. Na ga ƙungiyoyi a nan Legas da suka buga kati, suka raba muƙamai, shugaba da sakatare da mai hulɗa da jama'a, shekara biyu ba su hau dandali ko sau ɗaya ba. A jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun shekarun 1970 malamai da ɗalibai ke fita ƙauyukan da ke kewayen Samaru suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalar taki da gona, a tsaya a tsakiya a tambayi 'yan kallo yadda za a ƙarasa. Masu digiri ne, amma manomi suka mayar alƙalin wasan.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam ban ce a yi baki ba doki ba. Na ce mai doki ma ya yi baki. Kuma har gobe ina kan bakana, don na ga masu kaya mai kyau da kunya ta kashe wa kasuwa.

Mai Shirya Wasa:
Mun yi magana da yara yanzu a waya. Za mu sake yin wasan bayan sallah, a zauren nan dai. Ba jawabi. Malam, muna roƙon ka zo gwaji ka zauna a sahun ƙarshe, duk wanda ba ka ji muryarsa ba ka ɗaga hannu. Masu farin alli ban cire su ba tukuna, zan rage su zuwa minti 2 in sa yaron ya kira kowanne da lambar babur ɗinsa, in gani ko za a gane. Mai sharhin ma na tura masa gayyata, na rubuta masa lokacin farawa.

Mai Gwari Mile 12:
Man janareta a kaina. Ɗan Zango ka turo yaro ranar Alhamis da safe kafin motocin Kano su iso. Kuma a samo Keke Napep a ɗauko Baba, a ajiye masa kujera a gaba.