Wane suna za mu ba "splint" na likitan haƙori?

Ma'aikaciyar jinya, Aboabo: Salamu alaikum. Kalma nake nema. Akwai abin da likitocin haƙori ke kira "splint": roba ce mai tauri da ake yi bisa awon bakin mutum, ta hau haƙoran sama ko na ƙasa gaba ɗaya, galibi da dare. Ana ba mai cizon haƙora cikin barci, da wanda mahaɗar muƙamuƙinsa, nan gaban kunne, ke ƙara ko ciwo. Haka kuma kafin a sa hula, wato murfin da ake rufe haƙori da shi, a kan haƙoran da suka cinye, likita kan ba da ita na wani lokaci har muƙamuƙi ya sami mazauninsa, don kada a ɗora gyara kan karkataccen cizo. Tsofaffinmu masu zuwa asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, in na ce "splint" sai su bi ni da ido.

Malamin makaranta, Asawase: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, linzami mana. Cikin baki yake, yana kuma saita shi.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ka gafarce ni, wa zai iya ce wa Alhaji za a sa masa linzami? Takunkumi ma an kawo min, ya fi muni.

Ɗalibi, Nima: Anti, ba shi ne abin da 'yan damben Bukom ke sawa ba?

Ma'aikaciyar jinya: A'a ɗana, wancan mai laushi ne, naushi yake tarewa. Wannan likita zai yi ta gogarsa kaɗan-kaɗan har haƙoran da ke fuskantarsa su sauka kansa daidai, kada ɗaya ya ɗauki nauyin sauran.

Malamin makaranta: To karan ɗori?

Hajiya, Sabon Zango: Haba Malam, me ya karye? Ka faɗi haka, gobe su nufi wajen maɗori. 'Yata, abin da kika kwatanta ai gammo ne. Dubi 'yan kaya a kasuwar Kejetia: gammo ba ya rage kaya, raba nauyin yake yi, kai ya huta. Ki ce gammon haƙori.

Malamin makaranta: Hajiya, gammo laushi gare shi, wannan kuwa an ce tauri.

Hajiya: Aikinsa muka bi, Malam, ba jikinsa ba.

Ma'aikaciyar jinya: Na karɓa, Hajiya. Gammon haƙori. Sai dai a bambanta shi da wayar da ake ɗaura wa yara, ita haƙoran take turawa su jeru, gammo kuwa ba ya matsar da ko ɗaya, cire shi ake yi da safe a wanke.