Ina da ciki wata huɗu: maganin da nake zuba wa ruwa yana jawo ɓari?

Maman Yasir ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka min. Bara na yi ɓari, cikin wata uku. Yanzu Allah ya sake ba ni, ina cikin wata na huɗu, kullum a ɗar-ɗar nake. Unguwarmu famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka wajen 'yan garuwa muke saye, ni kuma ina ɗiga WaterGuard, maganin kulorin na tsaftace ruwa, a kowace jarka. Shekaranjiya ƙanwar maigidana ta turo min bidiyo a WhatsApp, wai kulorin yana haɗuwa da dattin ruwa ya zama guba mai zubar da ciki, har maza ma yana lalata musu maniyyi. Tun ranar ban sake zubawa ba. Surukata kuwa cewa ta yi dama ita ba ta taɓa yarda da ruwa mai warin asibiti ba. Ruwan leda a ce da shi za mu sha mu yi girki, albashin malamin firamare ba zai ɗauka ba. Yaya zan yi?

Malamin Kemistiri ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raba lafiya. Bidiyon ba ƙarya zalla ba ne, an dai cika masa gishiri. A 1974 wani masani, Johannes Rook, ya gano a ruwan birnin Rotadam na ƙasar Holan cewa idan kulorin ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye da makamantansa a ruwa, yana haifar da wani sinadari mai suna kulorofom da 'yan uwansa uku. Su ake kira THM a taƙaice. Amurka ta ƙayyade kada su wuce maikirogiram 80 a lita ɗaya, Tarayyar Turai kuma 100.

Maganar ɓari ta yi ƙarfi ne a 1998, da aka fitar da bincike kan masu ciki sama da 5,000 a Kalifoniya. An ga ɓari ya fi yawa ga waɗanda ke shan kofi 5 ko fiye na ruwan famfo a rana, a inda THM ya kai maikirogiram 75 a lita. Amma daga baya aka bi mata sama da 2,000 a wurare uku na Amurka, aka riƙa auna ruwan da kyau fiye da na farko, sakamakon da ya fito a 2006 bai tabbatar da wancan ba. Batun maniyyi kuwa yawancinsa daga ɓeraye aka samo, waɗanda aka ɗura wa sinadarin da yawan da ba ya kusa da na ruwan sha. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron waɗannan sinadarai.

Ungozoma daga Zinder ta amsa:

'Yata, koma ki zuba maganinki yau, kada ki kai gobe. Ki tambayi duk wanda ya yi aikin lafiya a Diffa, nan Nijar, a 2017, lokacin da ciwon hanta nau'in E ya ɓarke ta gurɓataccen ruwa. Masu ciki ya fi kashewa. Ku a Najeriya ma amai da gudawa ya ci rayuka sama da 3,000 a 2021, akasari a Arewa. Kin san daga wace rijiya mai garuwa ya ɗebo? Kin san yaushe rabon jarkarsa da wanki? Ɓarin watannin farko, kusan rabinsa ɗan tayin ne bai ginu daidai ba tun farko, ba laifin abin da uwa ta ci ko ta sha ba. Abin da na fi ji miki tsoro zazzaɓin sauro ne. Kina zuwa awo? An ba ki Fansidar?

Abban Sumayya ya amsa:

Inna ta yi gaskiya, amma kada a ce babu abin yi. Na yi shekaru ina gyaran tankuna, kuma kuskuren da na fi gani shi ne a zuba magani a ruwa mai laka ba tare da an tace shi ba. Dattin nan shi ne abincin THM ɗin. Ki fara sa alif ruwan ya kwanta, ki tsiyaye ta tsaftataccen ƙyalle, sannan ki zuba daidai awon da aka rubuta a jikin kwalbar, ki jira minti 30. Wanda za ki sha, in kina da halin gawayi, ki tafasa a buɗe, domin kulorofom yana bin tururi ya fita. Sai dai tafasasshen ruwa ba shi da sauran kulorin da zai tsare shi, don haka a rufe shi, kuma kada yara su riƙa tsoma moɗa a ciki.

Maman Yasir ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, ranar Talata zan koma awo, Fansidar ɗin sau ɗaya aka ba ni. Na aiki Yasir ya sayo alif na naira ɗari. Saura surukata, ita sai dai ɗanta ya yi mata bayani, ni ba zan iya ba.