Shekara 36 ta isa ta sauya cikin ƙadangare?

Malamar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibaina cewa sauyin halitta abu ne na miliyoyin shekaru. Jiya na ci karo da labarin da ya hana ni barci. A 1971 masu bincike suka kwashi ƙadangaru goma, maza biyar mata biyar, daga tsibirin Pod Kopište a tekun Adriyatik na Kuroshiya, suka sake su a wani ɗan tsibiri da ke kusa, Pod Mrčaru. Da aka koma bayan shekara 36, sai aka tarar jikokinsu sun cika tsibirin, kawunansu sun ƙara girma, cizonsu ya fi ƙarfi, kuma sun koma cin ganye alhali kakanninsu ƙwari suka fi ci. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hanjinsu: an ga wasu 'yan shingaye a ciki da ke rage saurin wucewar abinci har ganyen ya narke. Shin wannan sauyin halitta ne na gaske da ke bin jini, ko jiki ne kawai ya saba da abinci? Ba na so in shiga aji in faɗi abin da ban tabbatar ba.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam Malama. Kar ki ƙirga da shekarunmu, ki ƙirga da haihuwarsu. Shekara 36 a wurin wannan ƙadangare kusan zuriya 30 ce. Ga shi tsibiri ƙarami, ba mai fita ba mai shigowa, ƙwari ba su wadata ba, ganye kuwa ko'ina. Wanda muƙamuƙinsa ya fi ƙarfi shi ke ƙoshi, shi ke barin 'ya'ya da yawa.

Ɗalibin Dabbobi:
Malama, shakkarki tana kan hanya, kuma ina ganin a nan ne darasin yake. Anthony Herrel da abokan aikinsa ne suka wallafa binciken a 2008, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya nuna cewa ƙadangarun Pod Mrčaru tsatson na Pod Kopište ne. Amma bayan haka an ajiye wasu daga cikin ƙadangarun ana ciyar da su ƙwari zalla, cikin makonni 15 hanjin ya gajarta, shingayen nan suka ɓace. Ke nan wani ɓangare na abin da aka gani sassaucin jiki ne, kamar yadda tafin hannun mai noma ke kauri amma jaririnsa ba ya zuwa da kanta.

Idan kina neman misalin da ya fi tsayuwa da ƙafafunsa, ki duba ƙananan tsibiran Filorida a Amurka. Wani ƙadangare mai ruwan ƙasa ɗan asalin Kyuba ya shigo ya matsa wa kore na gida, koren ya haura rassa na sama. Cikin shekara 15, wato zuriya kusan 20, faffaɗan yatsun da yake manne wa reshe da su suka ƙara faɗi. Yoel Stuart da tawagarsa, a 2014, ba su tsaya nan ba: suka ƙyanƙyashe 'ya'yan a wuri ɗaya, suka raine su iri ɗaya, bambancin yatsun bai gushe ba. Wannan kam gado ne.

Malamar Aji Uku:
Allah ya saka da alheri, ɗana. Wannan gwajin rainon shi ne abin da nake nema. Ranar Litinin zan ba su labarin Kuroshiya da na Filorida ba tare da na faɗi amsa ba, in tambaye su: idan ku ne, yaya za ku gane wanne ne gado? Ina so in ga ko wani a cikinsu zai kai ga dabarar ƙyanƙyashe ƙwan da kansa.

Baban Sadiq:
Ki ƙara musu da na guguwa. A 2017 Colin Donihue ya auna ƙadangaru a tsibiran Turks da Caicos na yankin Karibiyan kwanaki kaɗan kafin guguwar Irma, guguwar Maria ta biyo baya, ya dawo ya sake aunawa. Waɗanda suka tsira yatsunsu sun fi faɗi, ƙafafunsu na gaba sun fi tsawo. Ana kyautata zaton masu raunin riƙo iska ce ta tafi da su.