Neman shawara: babur ɗin mahaifinmu ya yi shekaru a ɗakin ajiya

Mai tambaya, daga Mabera:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman shawararku a kan babur ɗin mahaifinmu, Honda CG 125, wanda ke jingine a ɗakin ajiya tun 2016, lokacin da ciwon ƙafa ya hana shi hawa, har Allah ya yi masa rasuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin kabu-kabu ke cinye mini albashi, shi ya sa nake son in tayar da shi in riƙa zuwa aiki. Tayoyin biyu duk sun sace, idan na buɗe murfin tanki wani wari mai kama da na fenti ke tashi, kik kuma na danna shi da hannu ya ƙi motsi. Shin ya cancanci a kashe masa kuɗi, kuma ta ina ake farawa?

Bakanike, daga Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanena, abu na farko shi ne kada ka hau kik ɗin nan da ƙafa, kada kuma ka bari yaran unguwa su tura shi da sunan tashin turi, domin fistin da ya yi shekaru ba mai yakan manne da jikin silinda, kuma idan aka tilasta masa, ko ringi ya karye ko silindar ta karce, sai gyaran da bai taka kara ya karya ba ya zama na kwance inji.

Ka goge ƙurar da ke kewaye da fulogi kafin ka cire shi, don kada ta zuba ciki. Ka zuba cokali guda na baƙin mai haɗe da ɗan kananzir ta ramin, ka rufe da tsumma, ka bar shi kwana biyu. Bayan nan ka hura tayoyin gwargwadon yadda za su riƙe iska, ka sa giyar ƙarshe, ka riƙa tura babur ɗin gaba da baya a hankali. Idan ya saki, sauran aikin wanki ne da sauya ƙananan kaya. Idan ya ƙi bayan ka maimaita, to sai an cire kan injin an gani da ido, kuma a nan ne za ka san ko gyaran zai biya.

Tsohon baƙin man da ke ciki a juye shi kafin a tayar, a wanke 'yar rariyar da ke bayan murfin juyen, a zuba sabo, kusan lita ɗaya yake ci. Ka leƙa bakin salansa da akwatin matatar iska, domin zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a salansa, ɓeraye kuma su yi sheƙa a matatar su ɓarke wayoyi.

Wani ɗan kabu-kabu, daga Arkilla:
Malam, ni a ganina ka sayar wa masu gwangwan ka cika kuɗi ka sayi Boxer na hannu. Taya biyu da tif, batir, cen, kebul, ladan bakanike, idan ka haɗa lissafi ka kusa rabin kuɗin Boxer ɗin, kuma kayan gyaran Boxer ko a ƙauye za ka samu.

Mai sayar da kayan gyara:
Ban yarda da wannan ba, ɗan'uwa. Honda ta fito da CG 125 a tsakiyar shekarun 1970 ne musamman saboda ƙasashe irin namu, inda ake ɗora wa babur kaya fiye da kima kuma ba a juyen mai a kan lokaci, don haka aka yi masa inji mai sauƙin gini da ke jure sakaci. Baburan Sin da yawa da ke yawo a gari kwaikwayon wannan injin ne, shi ya sa fistin da ringi da gasket nasa ba sa wuyar samu, sai dai a kula da inganci. Ƙarfen da aka ajiye a ƙarƙashin rufi a busasshen gari kamar Sakkwato ba ya ruɓewa kamar wanda aka ajiye a Legas. Abin da zafinmu ke kashewa roba ce.

Bakanike, daga Runjin Sambo:
Gaskiyarka, Alhaji. Warin fentin da ya ambata kuwa tsohon fetur ne da ya ƙafe ya bar danƙo, kuma irinsa na nan daskare a cikin kafireto. A kwance kafireton a jiƙa ƙarafansa, a hure ƙananan ramukan da iskar mai faci. Kada a tsokane su da allura, domin da zarar ramin ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai yana baƙanta fulogi, kai kuma da ma tsadar mai ce ta kawo ka nan.

Tanki kuma a cire shi a haska cikinsa da tocila. Idan tsatsar sama-sama ce, a zuba kananzir da tafin hannu guda na ƙananan notuna, a girgiza sosai, a ɗauraye har abin da ke fita ya yi fari, a shanya, sannan a sa 'yar matatar mai a kan sabon tiyo. Idan ya huje a ƙasa, sauyawa ta fi. Duk mai waldar da ya ce zai sa masa wuta nan take ba tare da an wanke shi tururin fetur ya fita sarai ba, ka ɗauke kayanka ka tafi, domin tankin da babu mai a ciki ma yana fashewa.

Wata malamar asibiti, daga Gawon Nama:
Yaya, don Allah kada ka yi tsimi a kan taya da birki. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Tayar da ta haura shekara goma ta gama aiki ko da zanenta bai lashe ba, balle a kwaltar da ke ɗaukar zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40. Ɓangaren birkin da ke damƙe ganga daga ciki ma yakan ɓamɓare idan ya tsufa, ya cije taya ana cikin tafiya. Ka haɗa da hular kwano a cikin lissafinka.

Wani dattijo, daga Kanwuri:
Ɗana, ka ce na mahaifinku ne, amma ba ka faɗa mana ko an raba gado ba. Idan ba a raba ba, a yi masa kuɗi yadda yake yanzu, a gaban magada, kafin ka zuba ko kwabo, domin ranar da ya fito yana ƙyalli ba kuɗin yau za a tuna ba. Ka nemo rasidin saye da tsoffin takardu, ka gwada lambar inji da ta firam da abin da ke rubuce, sannan ka je ofishin lasisi a mayar da shi sunanka a sabunta takardu da inshora.

Mai tambaya, daga Mabera:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, an raba, kuma a kasona ya faɗo, takardun ma suna hannun mahaifiyarmu. Na bi shawarar mai da kananzir, fistin ya saki, sai dai kuloci ba ya raba giya ko na matse hannun har ƙarshe. Batir kuma wane iri zan saya?

Bakanike, daga Runjin Sambo:
Farantan kulocin ne suka manne saboda zama. Sau da yawa sukan saki idan inji ya yi zafi da sabon mai, idan kuma suka ƙi sai a buɗe murfin dama a rarraba su a jiƙa da mai. Batir kuwa ka duba jikin tsohon, domin CG na farko-farko volt 6 ne, na baya volt 12, kuma ba a musanya su. Idan ya tashi, ka bar shi ya yi aiki a tsaye ba tare da murza totur ba, ka yi 'yan kwanaki kana zagayen unguwa, sannan ka sake juye man kafin ka fara doguwar tafiya da shi.