Magena ta sake haihuwa, ina mafita?

Maman Ilham (Pantami): Assalamu alaikum 'yan zaure. Magena ta sake haihuwa a bayan buhunan masara, 'ya'ya biyar, ga na farko ban gama rabarwa ba. Ba zan iya bari yara su kai su bola ba, wallahi tausayi suke ba ni. An ce akwai allurar hana haihuwa. Wa ya san inda ake yi?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ki kama muzurun kawai, a kai wa masu dandaƙar raguna a kara.

Dakta Hauwa: A'a Baban Sadik, don Allah kada a yi haka. Ƙarfen dandaƙa na raguna da bijimai ne, ba na muzuru ko kare ba. Ɗaure maraina da roba ma azaba ce, sau da yawa wurin ruɓewa yake yi. Kuma muzurun unguwa ba ɗaya ba ne, macen ita ce abin dubawa. Cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, 'yar wata biyar ma tana ɗaukar ciki.

Hajiya, allurar nan ban ba ki shawararta ba. Tana jawo mugunya ta taru a mahaifa, tana kuma ƙara haɗarin ƙari a nono. Aiki ya fi: a sa mata maganin barci, a cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa, shi ke nan har abada. Ki bari ta yaye 'ya'yan, nonon ya kafe, amma kada ki ja lokaci, don tana iya sake ɗauka tun tana shayarwa.

Maman Ilham: Na gode Dakta. To za ta ci gaba da kama ɓera kuwa? Don shi na ajiye ta.

Anti Rabi (Tumfure): Sosai ma, ƙanwata. Tawa an yi mata a asibitin dabbobi na gwamnati. Kukan daren nan kamar na jariri ya ƙare, ɓera kuwa har ƙofar ɗaki take ajiye min. Sun hana ni ba ta abinci tun daren jajibiri. Na yanka tsohuwar rigar yaro na sa mata don kada ta lashe ɗinkin, an kwance shi bayan kwana goma. Ki kula da ƙuda, yanzu damina ce, tsutsa ba ta da wuyar shiga ciwo.

Dakta Hauwa: Kuma komai zafin da kika ga tana ji, kada ki ba ta farasitamol. Kashe mage yake yi.

Malam Yakubu (Bolari): Dakta, karen gadi fa? An ce in aka fiɗiye shi ya zama rago.

Dakta Hauwa: Zai yi haushinsa, zai tsare gida, Malam. Abin da ke raguwa shi ne yawon bin karya da faɗa da karnukan bola, inda ake kwaso cizo. Sai dai ka rage masa abinci, don yana saurin ƙiba. Ranar da ka kai shi a yi masa rigakafin haukan kare, a ba ka katin shaida, a riƙa sabuntawa duk shekara.

Baban Sadik: Na janye maganata. Amma a tambayi malamai kan hukuncinsa.

Malam Yakubu: Na tambayi limaminmu. Ya ce akwai saɓani, wasu sun halatta idan don kauce wa cutarwa ne kuma ba a azabtar da dabbar ba.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Anti Rabi, nawa suka karɓa?

Anti Rabi: Nawa ya kwana biyu, farashi ya canja. Na mace dai ya fi na namiji tsada, tunda buɗe ciki ake yi. Ki je ki tambaya tukuna, ranar aikin kuma ki sa ta a kwando mai murfi, kada ki rungumo ta a Keke Napep.