Shawarwarin malaman Jos kan wasannin waya a ajin Hausa

Malaman Hausa da muka zauna da su a Unguwar Rogo sun haɗu a kan cewa darasi ne farko, wasa ya biyo baya, minti 10 ya isa.

A kan Kahoot, wato wasan tambaya da amsa da ake yi ta waya, muka fi daɗewa. Malami ya rubuta tambayoyinsa da kansa, kamar cike karin magana ko bambance "kafa" da "ƙafa". Inda wayoyi suka yi kaɗan, yara biyar su haɗu a kan ɗaya. Ni shaida ce, hakan na sa masu kunya su buɗe baki.

Wata malama ta ja kunnenmu cewa wasan na ƙara maki saboda saurin amsa, don haka a tsawaita lokaci domin masu karatu a hankali. A kuma tanadi caji da data tun da dare.