Ɗalibaina sun ƙi yarda da kishin Othello

Assalamu alaikum. Ina koyar da adabin Turanci a sakandare, mun maƙale a kashi na 3, fitowa ta 3, na Othello, wasan Shakespeare. A farkon fitowar Othello ba ya ganin kowa sai matarsa Desdemona, kafin ta ƙare ya durƙusa yana rantsuwar ɗaukar fansa. Ɗalibai dariya suke yi, wai janar guda ya zautu a kan hankicin matarsa da bai ma gani a hannun Cassio, tsohon mataimakinsa da yake zargi da ita, ba tukuna.

Na nuna musu yadda Iago, sojan Othello da ke cusa masa zargin, ke sakin magana rabi-rabi, suka ce ai wauta ce kawai. Na koma kashi na 1, inda Brabantio, mahaifin Desdemona, ya ce asiri aka yi wa 'yarsa, don ba yadda za a yi ta so baƙin mutum irin Othello. Sai aji ya koma muhawarar wariyar launin fata, aka manta da kishin gaba ɗaya. A rubutunsu ma kowanne batu yana gefensa.

Don Allah, ta wace hanya kuke nuna wa ɗalibi cewa rainin da Othello ya sha a birnin Benis, inda wasan ya fara, shi ya buɗe wa Iago ƙofa?